Ciwon da gwajin maleriya ba ya nunawa

Farkon fara aikina a ƙaramin asibitin unguwa, duk wanda ya zo da ciwon kai da kasala gwajin maleriya muke masa, a rubuta farasitamol ya tafi. Akwai wata baiwar Allah mai jego da ta dawo mana har sau huɗu, kullum maganarta ɗaya, faɗuwar gaba, barci ya ƙaurace, jiki ba ƙarfi, gwaji kuma lafiya lau.

Sai da aka tura mu horon mhGAP, tsarin nan na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta fito da shi a 2008 saboda irinmu da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba, sannan idona ya buɗe. Ranar da ta sake zuwa na ja labule na ce, "Maman biyu, ajiye maganar ciwon kan nan, me ke cin ranki?" Wallahi kuka kawai ta fashe da shi, ta ce ko nono ba ta son ba yaran kuma tana tsoron faɗa a gida kar a ce aljanu ne ko ba ta da tawakkali.

Da na ce mata ta je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa na tabbata ba za ta je ba, mijin ma ba zai bari ba, don a bakin mutane can wajen mahaukata ne. Amma nan ɗakin da take zuwa rigakafin yara, wa zai zarge ta? Shi ya sa nake ganin dole kula da damuwa da farfaɗiya da shaye-shaye ya zauna wuri ɗaya da awon ciki da hawan jini, tunda likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, mu kuma mun haura miliyan 200.

Tun 1991 gwamnati ta rubuta a takarda cewa a yi hakan fa. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, na ji daɗi sosai, amma abin da muke buƙata a ƙasa shi ne magani kar ya yanke, da likitan da za ka kira a waya in abu ya fi ƙarfinka.

Maman biyu wata uku muka yi tana zuwa duk sati biyu muna zama. Zuwanta na ƙarshe da maƙwabciyarta ta zo, ta ce ita ma a ja mata labulen.