Yau aka fara ɗumama shi

Ƙarfe huɗu na asuba awa 72 ɗin da likitoci suka yi suna sanyaya jikin jaririna a asibiti suka cika. Ban runtsa ba. Ina zaune gefen gadonsa ina kallon lambar zafin jikinsa da ke jikin na'ura, digiri 33.5, wadda na haddace kamar sunana.

Har yanzu zuciyata ba ta saba da maganin nan ba. Uwa ta ga ɗanta kwance daga shi sai kunzugu a kan shimfiɗa mai sanyi, yana rawar ɗari, kuma a ce mata kada ta lulluɓe shi. Ranar farko sai da na yi wa nas kuka na ce, "Sista, don Allah ko zani ne ki bari in yafa masa." Ta riƙe hannuna ta ce, "Maman bebi, sanyin nan shi ke tsare masa ƙwaƙwalwa."

Sai jiya na fahimci bayanin likita sosai. Mabiyiya ce ta rabu da mahaifa kafin ya fito, jini da iskar oksijin suka yanke masa, shi ya sa bai yi kuka ba da aka ciro shi. Ashe ɓarnar ba ta tsayawa nan take. Bayan wasu awanni ɓarnar takan dawo a karo na biyu, wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su ƙara mutuwa, kuma sanyaya jiki shi ke rage wannan, muddin an fara cikin awa 6 da haihuwa. Shi an fara masa a awa na huɗu. Duk lokacin da na tuna awa biyun da suka rage, jikina yakan yi sanyi.

A hankali suka riƙa ɗaga zafin, rabin digiri kowace awa, don jijjiga takan iya tasowa a daidai wannan lokacin. Idon nas na kan wayoyin da aka manna masa a kai, nawa idon na kan yatsunsa. Wajen ƙarfe goma lambar ta kai 36.5, alhamdulillah, bai jijjiga ba.

Saura hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Na tambayi likita ko zai yi tafiya, ko zai yi magana. Ya ce ba zai yi mini alkawarin abin da bai gani ba tukuna. Na ji zafin amsar, amma na gode da bai rufe ni ba.

Da yamma suka ɗora mini shi a ƙirji, karon farko tun da na haife shi. Jikinsa da ɗumi. Na sa masa ɗan yatsana a baki, ya tsotsa sau biyu, ya yi barci.