Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Zakaran Iri

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda annobar hunturu ta share kajin unguwarmu, ta bar mini fingi guda, wato kaza marar gashin wuya, da wata sagara baƙa da surukata ta ba ni ranar da na tare. Daga waɗannan biyun duk kajin da nake da su yau suka fito.

Fingin ce ta fara kwanci. Inna ta zo ta duba ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ta cire masu tsagu da waɗanda suka daɗe, ta bar mata goma, ta barbaɗa toka a akurkin saboda ƙuma. Kwana 21 cif kaza take yi a kan ƙwai, ba kamar na zabo ba da ke kai 28. Takwas suka ƙyanƙyashe, biyu suka zama bara-gurbi. Kusan rabinsu sun ɗauko wuyan uwarsu, tsirara ba gashi. Mutane na raina fingi wai ba ta da kyan gani, amma a zafin bazara, lokacin da sauran kaji ke buɗe baki suna haki a gindin rumbu, ita kiwonta take yi. Haka shazumama mai gashi a murɗe, ita ma zafi bai cika damunta ba.

Na matsu in san zakaru nawa na samu. Maƙwabciyata ta ce ai tun a ƙwai ake ganewa, mai tsini zakara, mai zagaye kaza. Wata kuma ta ce a riƙe tsako ta ƙafa a juya shi, in ya ɗago kai namiji ne. Da na kai wa Inna zancen sai ta ce, "Ke 'yar nan, kar ki wahalar da bayin Allah. Bar su su yi wata guda, da kansu za su gaya miki." Gaskiyarta. Siffar ƙwai ta kazar da ta saka shi ce, ba ruwanta da abin da ke ciki. A manyan gidajen ƙyanƙyasa akwai ƙwararrun da ke duba duburar tsako ranar da ya fito, fasahar da aka faro a Japan, amma wanda bai koya ba in ya gwada sai ya yi wa tsako lahani.

Daga mako na huɗu zuwa na shida Inna ta riƙa zaunar da ni da hantsi, mu watsa tsaki da gara mu zuba ido. Zanko ta fara nuna mini. Na namiji yakan riga tasowa ya yi ja, har da naman nan da ke reto a ƙarƙashin baki, na mace kuwa yana nan ƙarami, fari-fari, sai ta kusa fara ƙwai yake nuna. Sai ƙafa: ta namiji ta fi kauri da tsawo. Sai hali. In shirwa ta gifta, akwai waɗanda ke lafewa a ƙasa, akwai masu miƙe wuya suna kallon sama, kuma su ne dai za ka gani suna karo da ƙirji a bakin kaskon ruwa. Da suka kai wajen wata uku magana ta ƙare, don gashin wuya da na gadon bayan zakara sirara ne masu tsini da sheƙi, na kaza masu faɗi, bakinsu a zagaye. Inna ba ta yanke hukunci da alama ɗaya, musamman a kan 'ya'yan fingi da ba su da gashin wuyan da za a duba. Daga baya wani malamin dabbobi ya ƙara mini wani abin da ya ba ni mamaki, cewa a wajen tsuntsaye daga uwa jinsin ɗa yake fitowa, ba daga uba ba kamar na mutane.

Biyar suka tashi zakaru. Da Sallah ta matso, maigida ya nuna jan da ya fi kowanne girma ya ce shi za a kai kasuwar Wudil ranar Juma'a. Inna tana tankaɗe ta ajiye rariya. Ta ce masa, "Wannan ba na sayarwa ba ne, ba kuma na tukunya ba. Ku kwashi sauran." A nan na fahimci abin da ke cinye kajin Hausa. Kowace shekara mukan yanka babban mu sayar da mai kyau, mu bar ƙanƙanin da ba wanda ya taya yana bin kaji, sannan mu ce kajin gida ba sa girma. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, saboda haka shi ne rabin zuriyar gida, bai kamata a bar zaɓensa ga sa'a ba.

Ba na ƙin sababbin iri. ShikaBrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar ta fi tamu ƙwai nesa ba kusa ba, tamu da ƙyar take wuce hamsin a shekara. Noiler kuma ta fi saurin nama. Amma tamu ce ke kwanci da kanta, ta yi reno, ta tsaya wa shaho, ta ƙoshi da dusa da abin da ta tono. Rigakafi kawai take nema, kuma tun daga waccan annobar ban ƙara barin kaka ta wuce ba a ɗiga wa kajina maganin rigakafi a ido, irin na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, ba.

Jan zakaran bai zauna a gidanmu ba. Inna ta ce ba za a bar shi a kan uwarsa da 'yan uwansa ba, iri zai lalace. Ta sa aka ɗaure masa ƙafa, muka nufi rugar da ke bayan gari don mu yi musaya da dogon zakaran Fulani. Yadda muka kwashe da matar Arɗo a kan wannan musaya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.