Laraba: tsagar da ke ɓuya idan allo ya dawo kan tebur

Yau allunan lantarki na inbata goma sha biyu da muke gwadawa suka cika zagaye 400 a akwatin zafi da sanyi. Tsarin bai canza ba: a sauka zuwa digiri 40 ƙasa da sifili, a tsaya minti 15, a hau zuwa digiri 85, a sake tsayawa minti 15. Ba daga zafin iskar akwatin muke fara ƙirga mintunan ba, daga wayar auna zafi da ke manne a jikin taransifoma ne, domin taransifomar ta fi kowane sashe jinkirin ɗaukar zafi.

Da hantsi allo na bakwai ya fara tsinkewa. Kwamfutar da ke bibiyar turjiyar layukan ta nuna layi ɗaya yana yankewa na ɗan ƙiftawar ido, kuma kullum lokacin da sanyi ya kai matuƙa. Da azahar muka fito da shi, ya zauna kan tebur, muka kunna, ya yi aiki lafiya lau. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su rubuta cewa babu matsala.

Matsala kuwa tana nan. FR-4, wato abin da aka yi jikin allon da shi, yana buɗewa kusan kashi 14 zuwa 17 cikin miliyan a kowane ƙarin digiri na zafi, silikon ɗin cikin guntun sarrafawa kuwa bai kai kashi 3 ba. Ɗaya na ja, ɗaya na tirjewa, ƙwayoyin dalmar da ke ƙarƙashin guntun, masu haɗa shi da allon, su ke shan wahalar, zagaye bayan zagaye, har su tsage. A cikin sanyi tsagar takan buɗe baki, idan allo ya dawo zafin ɗaki ta rufe, wuta ta wuce. Shi ya sa ba na yarda da gwajin da ake yi da allo a kashe, sai an gama a auna. Dole ya kasance a kunne, ana karanta shi daga farko har ƙarshe.

Don tabbatarwa, muka tsiyaya jan rini ƙarƙashin guntun, muka zuƙe iska domin rinin ya ratsa tsagar, muka busar da shi a tanda kan digiri 100, sannan muka ɓamɓare guntun. Ƙwayoyi uku na kusurwa sun rine ja. Na kusurwa ne ke fara mutuwa, domin su suka fi nisa daga tsakiya. Ga kuma noti da aka ɗaure daf da wannan kusurwar yana lanƙwasa allon. Zan ba da shawara a matsar da ramin notin.

Da la'asar na koma kan kapasita mai ruwa a ciki, wato sashen allon da ke ajiye caji. An rubuta cewa za ta yi awa 2,000 tana aiki a digiri 105, kuma duk ragin digiri 10 yana ninka kwananta. A 65 za ta kai awa 32,000, wato kusan shekara uku da wata takwas. Amma inbatar da ke shago mai rufin kwano a Kano cikin Afrilu, ƙura ta toshe fanka, cikinta na iya kaiwa 75, sai lissafi ya faɗo awa 16,000.

Gobe sauran sha ɗayan za su ci gaba. Akwatin laima, mai digiri 85 da danshi kashi 85 na awa 1,000, yana jiran tataccen ruwa, domin ruwan famfo yana barin gishiri a jikin ma'aunin danshin.