Asabar a gareji: abin da ɗaga mota inci biyu ya jawo

Yau a ƙarƙashin Land Cruiser 80 aka wuni. Motar ƙirar 1996 ce, 'yar Kwatano, injin 1HZ mai shan gas, lita 4.2, silinda shida, babu turbo, giyar hannu, kuma irin wadda ake kulle hob ɗin tayoyin gaba da hannu kafin a sa ta ja da ƙafa huɗu. A farkon mako aka ɗaura mata sababbin sifirin da shokzoba masu ƙara tsayin milimita 50, wato inci biyu, da tayoyi 285/75R16, saboda yashin wajen Yusufari da taɓon fadamun Haɗeja zuwa Nguru in damina ta sauka. Tun daga ranar sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana, kuma da gudu ya haura 80 sai ta riƙa yawo a kan kwalta, hannu ba ya hutawa.

Yaran gareji tayarod suka fara zargi. Aka ɗaga gaba, aka girgiza taya hagu da dama, babu wasa. Matsalar kasta ce, wato ɗan kishingiɗawar da madogarar juyawar tayoyin gaba ke yi zuwa baya, wadda ke dawo da sitiyari tsakiya. Aksul ɗin gaban wannan mota dogayen hannaye biyu ne ke riƙe shi, gindinsu na maƙale a jikin shasi. Idan aka ɗaga mota, hannayen sai su karkata ƙasa, su murɗa aksul ɗin ya kifa gaba. Kamfani ya bar mata kasta kusan digiri 3, ɗagawar inci biyu kuwa tana cinye wajen digiri biyu ko fiye. Ɗan abin da ya rage ba ya isa ya dawo da sitiyari. Masu sayar da sifirin ba kasafai suke faɗin wannan ba, tsayin kawai suke nuna wa mai saye.

Magani a wannan tsayin shi ne bushin mai karkataccen rami, guda huɗu, biyu a kowane hannu ta wajen aksul. Kafin a kwance komai, mota na tsaye a kan tayoyinta a daɓe mai daidai, aka ja layi a jikin hannayen don a san inda ramin kowane bushi zai fuskanta. In aka juya su baibai, kastar ƙara raguwa za ta yi. Da injin matsi aka fitar da tsofaffin aka tura sababbin, domin guduma ɓata bakin ramin take yi. Wajen mayarwa, an zura notunan an bar su sakwa-sakwa, sai da aka sauke mota daga jak, aka jijjiga ta ta zauna, sannan aka ɗaure tamau. Wanda ya ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta yi wata nawa ba ta tsage. Irin wannan bushin yana da nasa aibin: roba ta fi siranta ta gefe guda, don haka ya fi na asali saurin ci, kuma yana ɗan rage lanƙwasar aksul a kan kwazazzabo. A inci biyu ana iya haƙuri da shi. Daga inci uku zuwa sama sai dai a canja hannayen ko a sa farantin gyaran kasta, kuma farfelar gaba takan fara rawa.

Matsala ta biyu da ɗagawar ta jawo ita ce burkin baya. Akwai wani bawul a jikin shasi ta baya, da doguwar sanda da ta haɗa shi da aksul. Aikinsa auna nauyin kaya: in bayan mota ya zauna, sai ya ƙara wa burkin baya ƙarfi, in ya tashi ya rage. Ɗaga mota sai ya sa bawul ɗin ya ɗauka kullum babu kaya ko kaɗan, burkin gaba ya ɗauki aikin shi kaɗai, ga kuma manyan tayoyi masu nauyi. An yanko ƙarfe mai kauri, aka huda ramuka biyu da tazarar milimita 50, aka ɗaga mahaɗar sandar ta wajen aksul daidai yadda motar ta ɗagu. Aikin rabin awa ne. Sannan aka rataye kowane aksul har shokzoba ta miƙe iyakarta, aka duba tiyon burki. Na baya ya ɗame, an sa mai tsawo an fitar da iska. Ƙarfen hana tangaɗi na gaba kuma ya kusa taɓa farfela, aka saukar da shi da ɗan toshi a mazauninsa.

Ana cikin wannan ne bakanike ya leƙa bayan tayar hagu ya ce, “Alhaji, zo ka ga gwiwar nan.” Ƙwallon ƙarshen aksul, wato gwiwar, inda taya ke karkata in an karya sitiyari, ya jiƙe sharkaf, ƙura ta manne, abin da ke ɗiga kuma ya yi kama da miyar kuka. Wannan alama ce cewa sil ɗin ciki ya mutu, man giyar aksul ya tsallako ya narkar da giris ɗin gwiwa. Ɗan laushin giris a jikin ƙwallon ba komai ba ne, ɗiga ne ba a so. A motar da ta haura shekara ashirin da biyar, wannan aikin ya kamata a fara yi tun kafin a yi zancen sifirin.

Bayan azahar aka buɗe. Taya, sai kalifar burki a rataye ta da waya kada ta ja tiyo, sai murfin hob. Ƙananan wasoshi masu siffar mazurari da ke riƙe hob ɗin ba a ɓamɓare su da sukundireba, kan bol ɗin ake bugawa da sandar tagulla su yi tsalle su fito. Daga nan zoben shaf, notuna biyu masu cin soket 54, hob da boris ɗinsa, sai sandar da hob ke juyawa a kai mai bol takwas. Shaf ɗin ba ya fita sai an juya kan Birfield ɗin (haɗin da ke barin shaf ya juya taya ko an karya sitiyari), shafaffun gefensa biyu sun kalli sama da ƙasa. An wanke shi da kananzir aka duba ƙwallayen da kejinsu, babu tsagewa babu rami, ya koma. Da ya ci, da tuni ana jin ƙas-ƙas in an karya sitiyari gaba ɗaya ana ja da ƙafa huɗu.

Boris biyu na sama da ƙasan gwiwa sun yi gurbi, an canja. Siraran faranti da ke ƙarƙashin murfin sama an mayar da su yadda suke, don su ne ke saita matsin boris ɗin.  Notuna huɗu na hannun sitiyari a ƙasan gwiwa an ɗaure su 96 Nm (awon ƙarfin ɗauri) da sifana mai awo. Waɗannan huɗun in suka saki, karyewa suke yi, taya ta kwanta, shi ya sa ake duba su bayan kowace tafiyar daji. Giris kala biyu ne: baƙi mai moli na kan Birfield da cikin gwiwa, a cika kashi uku cikin huɗu, sai na boris ɗin taya daban. Notin boris na ciki a ɗaure 59 Nm, a juya hob, a sassauta, a mayar da shi a hankali, a auna da sikelin rataye a jikin bol ɗin taya har jan ya faɗa tsakanin kilo 3 da 5 da rabi. Na waje 64 Nm, a lanƙwasa kunnen wasan ƙarfen da ke tsakanin notunan ya kulle su.

Abin da ya kashe sil ɗin ma an gano shi. Ɗan bututun numfashi da ke saman aksul ya toshe da laka. Aksul ya yi zafi, iskar ciki ta rasa mafita, sai ta tura mai ta bakin sil. An sa dogon tiyo aka kai shi can sama cikin ɗakin inji da ƙaramar filta a baki, wanda kuma zai hana shi zuƙar ruwa in an tsallaka rafi. Tsohon mai ya fito da giris a ciki, aka zuba sabon 80W-90, ya ci kusan lita uku kafin ya leƙo bakin rami.

Gab da magariba aka gwada ta a titi. Sitiyari yana dawowa, yawon ya tafi, burki ya kama daidai ba ta dungure da hanci. Agogon gudu kam ƙarya yake yi yanzu: tayar asali 275/70R16 wajen inci 31 ce, sabuwar ta kusa 33, don haka in ya nuna 100 ana kan 105. Injin 1HZ dama ba mai gaggawa ba ne, kuma an ji nauyin tayoyin a giya ta biyar. Masu ba da shawarar a ɗaura masa turbo su dakata tukuna, zafi yana fasa masa kai da fistin in ba a sa ma'aunin zafin hayaƙi ba.

Gwiwar dama ba ta ɗiga, amma shekarunsu ɗaya da ta hagu, Litinin za a buɗe ta. Kayan suna nan, an sayo saiti biyu a Ƙofar Ruwa. Bayan ita sai awon saitin taya a kan na'ura don a ga ainihin digirin da aka samu, sai kuma taimin bel, wanda ake canjawa duk kilomita 100,000 kuma babu takardar da ta nuna yaushe aka taɓa shi.