Ba a fafe gora ranar tafiya

Akwai wani irin kiran waya da nake ganewa tun mai kiran bai gama gaisuwa ba. Murya tana rawa, ana ta yi mini kirarin da ban saba ji ba. Sai a ce, "Yallaɓai, taron shekara na kamfaninmu ne, mutum 600 muke sa rai, har da baƙi daga ƙasashen waje." In na tambayi yaushe ne, sai a ɗan yi jim, sannan a ce saura mako biyar. An kama zaure? A'a. An sanar da masu jawabi? Ana kan magana. To ɗakunan da baƙi za su kwana fa? "Ai shi ya sa muka kira ka."

Wani lokaci nakan karɓi irin wannan aiki, don ba na son in ga mutum ya ji kunya a gaban shugabanninsa. Amma tun a wayar nake gaya masa cewa faci za mu yi. Taron mutum 600 da ake so ya fita kunya, wata goma sha biyu nake nema, in an matsa mini tara. Masu jin haka sukan ɗauka yanga nake yi, ko ina neman hanyar ɗaga kuɗin aiki.

Maigidan da na koyi sana'ar shirya taro a hannunsa bai bar ni na zauna da abokin ciniki ba sai da na shekara biyu. Aikina jera kujeru, da bin wayoyin lantarki ina manne su a ƙasa don kada wani ya yi tuntuɓe, da riƙe masa tsani. A ofishinsa akwai wata doguwar takarda da yake mannawa a bango daga kusurwa zuwa kusurwa. Duk aikin da ya shigo, zai ɗauki alƙalami ya je can ƙarshen takardar ya rubuta ranar taro, sannan ya juyo gare ni.

"Kai yaro, ƙarfe tara shugaban kamfani ya hau mumbari. Me ya faru kafin nan?"

"An gwada makirufo, maigida."

"Kafin nan fa?"

"An haɗa lasifika."

"Kafin nan?"

Haka zai yi ta ja da ni baya. An kafa dandamali, motar kaya ta shigo, masu taron jiya sun kwashe nasu sun fita, an sa hannu a kan zauren, har mu iso ranar da muke tsaye. In muka iso, sai ka ga ashe tun makon jiya ya kamata a fara. Na daɗe kafin in san cewa injiniyoyi suna da irin wannan zane, suna kiransa da sunan Henry Gantt, wani Ba'amurke da ya yaɗa shi tun a shekarun 1910. Maigida bai taɓa jin sunan mutumin ba. Har gobe da takarda a bango muke farawa, sai daga baya a zuba a kwamfuta.

Abin da takardar take nunawa shi ne ayyuka jiran juna suke yi. Baƙon da zai taso daga wata ƙasa ba zai nemi biza ba sai da takardar gayyata. Takardar gayyata ba ta fita sai an san rana da wuri. Rana da wuri kuwa suna jiran mutum ɗaya a saman kamfani ya sa hannu, shi kuma ya yi tafiya. Makon da aka ɓata ana jiran sa hannunsa ba ya dawowa, can a ƙarshe ake biyansa, lokacin da babban mai jawabi ya kira ya ce fasfonsa yana ofishin jakadanci har yanzu.

Rana ma ba haka kawai ake tsayar da ita ba. Uku nake sa a zaɓo, in bi kowace in duba. Ranakun hutun da ake lissafawa da ganin wata suna matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, don haka ranar da ta yi daidai bara tana iya faɗawa tsakiyar hutu bana. Sai in duba ko akwai babbar gasar wasanni ko baje kolin da zai cika otal-otal na birnin a makon. Sai ƙarshen shekarar kuɗi ta kamfanin kansa, lokacin da rabin ma'aikata ba su da sukunin ɗaga kai.

Zaure kuwa, ba na kama shi daga hoto. Da ƙafata nake zuwa, da abin awo a aljihu. Masu zaure sukan ja ni ta babbar ƙofa su nuna mini fitilu da darduma, ni kuma in ce a kai ni baya tukuna, inda ake sauke kaya. Faɗin ƙofar nawa? Babbar mota za ta iya juyawa? Lif ɗin kaya nauyi nawa yake ɗauka? Rufin zai riƙe ƙarafan da za mu rataya fitilu, ko sai mun kafa su daga ƙasa? Ina ƙofofin fita na gaggawa, kuma dandamalin da muke shirin kafawa ba zai tare ɗaya ba? Mai keken guragu ta ina zai hau? Bayan gida nawa ne, tunda hutun minti ashirin mutum ɗari shida ne za su tashi lokaci guda? Nakan tsaya a can kusurwar baya in tafa hannu sau ɗaya in saurari yadda ƙarar ke dawowa. Zauren da ke maido da ƙara, ko an kawo lasifikar duniya, na baya ba zai ji jawabi sosai ba sai an rufe bango da labule mai kauri. Nakan zauna a kujerar da ginshiƙi ya tare, in ga abin da mai ita zai gani. In an ce mini zauren yana cin 600, sai in tambaya a wane zama. A jere, kamar aji, yana iya ci. In aka kawo teburan da'ira na mutum takwas zuwa goma, da ƙyar ya wuce rabin haka da kaɗan, balle an cire wurin dandamali da na masu kyamara.

Tambayar da na fi nacewa a kanta ita ce: wa ke cikin zauren nan jajibirin taronmu, kuma ƙarfe nawa zai fita? Na taɓa tsayawa da motoci uku cike da kaya har ƙarfe biyun dare ina jiran wata liyafa ta watse. Tun daga ranar, jajibiri ma kama shi nake yi.

Sai masu kawo kaya. A duk kalmomin da ake faɗa a sana'ar nan babu wadda ke tayar mini da hankali kamar "kada ka damu". Shekarun baya wani mai allon majigi ya yi mini alkawarin babban allo tun saura wata huɗu, na ba shi kafin alƙalami, duk kiran da na yi amsa ɗaya ce, kada ka damu. Daren jajibiri yaransa suka iso da allon da bai kai rabin wanda muka yi magana ba. Ashe babban ya ba wa wasu a rana ɗaya da mu, yana fatan ɗayanmu zai ɗage. Wayarsa a kashe. A daren na tashi wani abokin sana'a daga barci, muka kwana muna haɗa nasa. Da safe baƙi suka shigo suna yaba allo, ni kuwa ƙafafuna rawa suke. Yanzu duk abin da za a kawo mini a rubuce yake: girmansa, adadinsa, ƙarfe nawa zai iso, sunan wanda zai tsaya a kansa har a tashi. Kuma kowane muhimmin kaya ina da mutum na biyu da ya san da ranar. Saura wata ɗaya nakan je ma'ajiyarsu in ga kayan da idona.

Wurin rajista ne baƙo yake fara yanke wa taro hukunci, kuma lissafinsa ko ɗan firamare zai yi. In kowane baƙo zai ci daƙiƙa 30 kafin a samo sunansa a miƙa masa kati, mutum 600 minti 300 ke nan a tebur ɗaya, wato awa biyar. Tebur goma ne zai maido da shi rabin awa. Ga shi mutane ba sa zuwa a rarrabe, kusan duka a mintunan ƙarshe suke tuɗowa. Shi ya sa muke rufe karɓar sunaye da wuri, mu buga katuna, mu jera su bisa haruffa, mu ware tebur guda don masu matsala kaɗai. Suna kuma mutum biyu ke karanta shi kafin a buga. Darakta zai yafe maka zafin zaure, amma ba zai manta da katin da aka ɓata sunansa ba.

Tafintoci ma haka. Mai fassara kai tsaye, wanda ke saurare yana magana lokaci guda, ba ya wuce kamar rabin awa ba tare da ya huta ba, shi ya sa biyu-biyu ake sa su a kowane harshe suna karɓar juna. Ƙwararrunsu ba su da yawa, tun da watanni ake kama su, kuma suna buƙatar takardun jawabai tun kafin ranar don su shirya kalmomin fannin. Intanet kuwa, kowane baƙo da waya da kwamfuta yake shigowa. In za a watsa taro kai tsaye, layi na daban nake sa a ja da waya har teburin masu watsawa, kada su yi rububin intanet da jama'a.

Akwai wani sashe a takardar yarjejeniya da a da kowa ke tsallakewa, wanda ya yi maganar abin da ya fi ƙarfin kowa. A watan Afrilun 2010 tokar wani dutse mai aman wuta a Iceland ta sa an rufe sararin samaniyar yawancin Turai kusan kwana shida, masu jawabi suka maƙale a filayen jirgi. A 2020 kuma babban taron kamfanonin wayar hannu na Barcelona, wanda ake sa ran mutum sama da dubu ɗari, ranar 12 ga Fabrairu aka soke shi saboda korona, saura kwana 12 a buɗe. In irin wannan ya faru da su, wane ne ni? Wanda ya kama zaure da wuri shi ke da bakin cewa a rubuta masa damar ɗage rana. Mai zuwa a ƙurarren lokaci abin da aka miƙo masa yake sa wa hannu.

Duk wannan ba ya fitowa a hoto, kuma a nan 'yan haye suke cin kasuwa. Mutum ya mallaki waya mai kyau, ya buɗe shafi a Instagram, shi ke nan ya zama mai shirya taro. Na taɓa ganin hoton dandamalin da ni da yarana muka kwana muna kafawa a shafin wani, an goge tambarinmu. Sai abokin ciniki ya zo ya ce, "Yallaɓai, wane fa ya ce zai yi a rabin haka." Ba na musu. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, kawo takardarsa mu karanta tare." Sai mu bi layi-layi. Ina makirufo na ko-ta-kwana? Ina tafinta na biyu? Ina ma'aikacin jinya? Ina inshora? In wuta ta ɗauke ana tsakiyar jawabi, me zai riƙe allo? Ina ranar gwaji? Araha dai ba ta ado. Wasu sukan tafi wajen wanen, kuma cikinsu ne wasu ke yi mini irin kiran nan na saura mako biyar.

Ranar gwajin nan ita masu neman ragi suka fi so a yanke, ni kuma ita ce ba na taɓawa. A ranar muke bin jadawali minti-minti: wa zai hau, ta wane ɓangare, wane makirufo ke hannunsa, wane hoto ke kan allo, wa zai kashe fitila. A nan ake gano cewa wani ya shirya hotunansa a tsohon ma'aunin faɗi da tsayi na 4:3 alhali allon 16:9 ne, ko bidiyonsa ba shi da sauti. Manyan shugabanni sukan ce ba su da lokaci. Wani ya taɓa ce mini shekara talatin yana jawabi. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, amma wannan matakalar yau za ka fara hawanta. Minti goma kawai nake roƙo." Ya hau, fitila ta dallare masa ido har bai iya ganin takardarsa ba. Muka sauke ta, ya sauko bai ce komai ba, da zai fita ya dafa kafaɗata.

Ranar taron kanta ba ni da wani labari a kai. Ina tsaye can baya da rediyon sadarwa a kunne da jadawali a hannu, ina jan layi a kan abin da ya wuce. Yarana sun san wurarensu, batura sababbi ne, kowane makirufo da ɗan'uwansa a ajiye.

Yanzu haka takardu huɗu ke manne a bangon ofishinmu. Mafi nisa saura wata goma sha huɗu. Jiya muka yi magana da masu zauren, gobe kuma zan koma da abin awona, don ƙofar shigo da kayan ba ta kwanta mini ba.