Kafin ka danna linkin nan, ɗana

Jiya da yamma ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Kawu, duba, banki za su rufe mini asusu." Babban yatsansa yana daidai kan wani shuɗin maɓalli mai cewa ya tabbatar da bayanansa cikin awa 24. Na riƙe masa hannu. Na san maɓallin nan, don na taɓa danna irinsa, kuɗin da suka fita kuwa ba su dawo ba.

Kuskurena ba ɗaya ba ne, hawa-hawa ne. Na farko, na karanta sunan mai aikowa na tsaya nan. Sunan da ke fitowa a saman imel kowa na iya rubuta wanda ya ga dama, ainihin adireshin yana ɓoye a ƙarƙashinsa sai ka taɓa sunan ya bayyana. Ban taɓa ba. Na biyu, ban duba inda linkin zai kai ni ba, alhali a kwamfuta ɗora linzami a kansa ba tare da dannawa ba ya isa, a waya kuma ka danne shi ka riƙe, adireshin zai fito. Shi ma ana karanta shi ne daga dama: ka nemo layin farko mai karkace (/) bayan sunan shafin, ka dubi abin da ke hagunsa kai tsaye. Idan ka ga sunanbanki.com.sabunta-asusu.net, to gidan na sabunta-asusu.net ne, sunan bankin ado kawai aka yi da shi.

Gaskiya ina da ɗan uzuri. Tambarin bankin daidai yake, launinsa daidai, an kira ni da cikakken sunana, kuma a makon nan ina jiran sabon kati, saƙon ya zo kamar amsa. Ga kuma ɗan kwaɗon nan a gefen adireshi, wanda aka daɗe ana koya mana cewa alamar aminci ce. Ashe abin da kwaɗon ke nufi kawai shi ne babu mai leƙen abin da ke tsakaninka da shafin, bai ce komai game da mai shafin ba, kuma ɗan damfara ma yana samunsa kyauta. Wa ya gaya mana wannan a lokacin? Amma uzurin nan iyakarsa bakin ƙofa. Da shafin ya buɗe, da hannuna na rubuta lambobi 16 na gaban katin, da watan ƙarewarsa, da lambobi 3 na bayansa. Sannan lambar OTP, wato lambar da banki ke turowa a yi amfani da ita sau ɗaya, ta shigo wayata, na kwafe ta na ba 'yan damfarar. Suna can suna shigar da bayanaina a wurin biyan kuɗi na gaske a daidai wannan lokaci, lambar nan ce kaɗai ta rage musu, kuma ta 'yan mintoci ce, shi ya sa suke ta azalzala. Saƙon da ya kawo lambar ya faɗi adadin kuɗin da za a cire, ya ce kada a ba kowa. Lambar kawai idona ya gani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan alat ya shigo, kunya ta sa na ɓata kusan awa ɗaya ina jinkirin kiran banki, a ciki aka sake cira.

Na yi niyyar jero muku alamomi goma, amma abin da ke aiki bai kai haka ba. Kada ka shiga bankinka ta cikin imel, ko da saƙon na gaskiya ne. Rufe shi, buɗe manhajar bankin, ko ka rubuta adireshin da kanka. In da matsala a asusunka, a can za ka gan ta. Kuma duk wanda ya nemi lambar sirrinka, kalmar sirri ko OTP, ta imel ko ta waya, ɓarawo ne, komai daɗin bakinsa.

Na ce ku duba adireshi, amma kada ku dogara da idonku. A ƙaramin allon waya, r da n a haɗe suna kama da m, lamba 1 tana kama da harafin l, akwai ma haruffan wasu harsuna masu kama da namu sak. Kuskuren rubutu da muke kama su da shi a da ya ragu, yanzu na'ura ke tsara musu jimla. Ku kuwa yaran yanzu yatsa ya fi ido sauri. Kuna ganin tun da a cikin waya kuka tashi ba a iya cutarku, kalmar sirri ɗaya kuma ita ce ta Facebook, ita ce ta imel, ita ce ta banki. Wallahi wannan yana ba ni haushi.

In ka riga ka danna ka cika, kada ka tsaya tambayar abokai. Toshe katin nan take ta manhaja, ko ka kira lambar da ke bayan katin, kada ka kira wadda ke cikin saƙon. Canza kalmar sirrin banki, sannan ta imel, don ta imel ake sake saita yawancin sauran, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato a riƙa neman wata lamba bayan kalmar sirri. In fayil ka sauke ka buɗe, yi canjin a wata na'urar daban. Ɗauki hoton saƙon da alat ɗin kafin ka share, bankin zai nema, sannan ka yi masa alamar damfara a cikin Gmail ko duk abin da kake amfani da shi. Ka kuma shirya wa kira na biyu: wani zai bugo ya ce daga sashen tsaro yake, zai dawo maka da kuɗinka in ka karanto masa lamba. Ko lambar bankin ka gani a allo, ana iya ƙirƙirarta. Katse, ka kira da kanka.

Yaron ya buɗe manhajarsa a gabana, babu wata sanarwar rufe asusu. Na tambaye shi kalmar sirrinsa ta imel ko ita ce ta banki, ya sunkuyar da kai. Ban bar shi ya tashi ba sai da ya canza duka biyun.