Ka auna ko ka ƙirga?

Ni dai abin da na fito da shi daga makaranta shi ne kilo 1,000 shi ne tan ɗaya, mun haddace mun rubuta a jarabawa shikenan. Sai da na fara riƙe wa wani Alhaji littafin sito a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano sannan na gane ashe ban san komai ba.

Siminti da taki ba su da rigima, kamfani ne ya auna, kilo 50 kowane buhu, buhu 20 tan guda, tirela ta ɗau 600 ka ce tan 30 ka yi barcinka. Tou ni sai na ɗauko wannan lissafin na kawo shi kan hatsi, wai tunda ana cewa buhu mai kilo ɗari ai buhu goma tan ne. Wata rana muka loda waken suya buhu 300 za a kai wani kamfanin mai, na rubuta tan 30 da babban baƙi har da ja masa layi. Can kuma ba ruwansu da yawan buhu, mota za ta hau babban sikeli da kayanta, a sauke, ta sake hawa ba komai, a cire wannan daga wancan, abin da ya rage shi za a biya ka. Takarda ta fito tan 28 da rabi. Wallahi sai da cikina ya juya, tan ɗaya da rabi fa, kamar buhu 15 sun yi layar zana a hanya, har na fara zargin direba a zuciyata, Allah ya yafe min.

Alhaji bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi ya ce "Kai ɗan nan, ka auna ko ka ƙirga?" Na ce "Ƙirgawa na yi Alhaji." Ya sa aka ɗora ragowar buhunan da ke sito ɗaya bayan ɗaya, wannan 96 wancan 94. Kilo biyar ne kacal a kowane buhu, abin da ko ɗan dako ba zai ji a wuyansa ba, amma sau 300.

Zoɓo kuma shi ya ƙarasa kashe min yarda da ido. Sai ka ga ya cika sito har rufi ka ɗauka dukiyar duniya ce, alhali kwantena mai ƙafa 40 da ƙyar take cin tan 12, riɗi kuwa wajen tan 19 ke shiga ƙaramar mai ƙafa 20. Ga kuma wani abin haushi, tan ɗin ma ba ɗaya ba ne, na Amurka kilo 907 ne, shi ya sa in mai saye daga waje yake sai an rubuta wanne ake nufi.

Yanzu duk tan ɗin da na ji a rediyo tirela nake mayar da shi. A 2024 da aka ce gwamnatin tarayya za ta fitar da hatsi tan 42,000 daga rumbunta ana ta murna a majalisarmu, ni kuwa na buga a waya, tirela 1,400. Na raba wa ƙananan hukumomi 774, kowacce ko tirela biyu ba ta samu ba.